Yadda za ka ƙara wa injin BMW 335i ƙarfi ba tare da ka ƙona giya ba

Abin da ke cin giyar otomatik shi ne ƙarfin murɗawa, wanda ake aunawa da Nm, da zafin da yake jawowa. Ƙarfin doki da ake yawan kurari da shi bai dame ta sosai ba. Ɗauki BMW 335i mai injin N54, wadda ta fito a 2006. Daga kamfani tana ba da doki 306 da Nm 400. Giyar da ke bayan injin ta kamfanin ZF ce mai hawa shida: 6HP19 a motocin farko, wadda aka ƙayyade mata Nm 400, sai 6HP21 daga 2007, mai Nm 450. Da an taɓa birenbos, wato kwamfutar injin, an ƙara iskar turbo, injin na haura Nm 500 ba wahala. Ka ga tun a matakin farko an wuce abin da aka rubuta wa giyar. Tana iya ɗauka, domin ZF ya bar mata rara, amma sai in lafiyarta ƙalau.

Don haka fara da duba lafiyarta. Yawancin waɗannan motoci sun riga sun ci fiye da kilomita 150,000 kafin su zo hannunka, da yawa kuma ba a taɓa sauya musu man giya ba, saboda BMW ya ce man na tsawon ran mota ne. ZF da ya ƙera giyar ya ba da shawarar a sauya tsakanin kilomita 80,000 da 120,000 ko bayan shekara 8. Sa a jona kwamfuta a karanta lambobin matsala da lambobin gyaran kai da giyar ta koya wa kowane kuloci, daga A zuwa E. Wanda ya kamata ka zuba wa ido shi ne E, domin shi ke riƙe giya ta 4 da ta 5 da ta 6. In lambarsa ta yi nisa da na sauran, ko allurar juyin injin tana zabura sama kafin giya ta kama lokacin shiga ta 4, to matsin mai na zurarewa. Galibi bushin da ke kan shaf ɗin ciki ne ya cinye. Haka nan in kana tafiya a hankali a kilomita 60 zuwa 80 allura na rawa sama da ƙasa, kulocin cikin konbata, wato abin da ke haɗa injin da giya, shi ne ya fara gajiya. Giyar da ke nuna ɗayan waɗannan alamu gyara take buƙata tukuna. In ka ƙara mata ƙarfi a haka, faiba, wato fayafayan kuloci, za ta ƙone cikin ɗan lokaci.

In ta tsallake wannan, sai mai. Kaskon ƙasa na roba ne, filta kuma a jikinsa take, saboda haka gaba ɗaya ake sauya shi. Tunda an riga an buɗe, a sauya hannun robar da wayoyi ke bi su shiga giya, a kuma sauke mekatironik, wato sashen da ke ɗauke da kwamfutar giya da hanyoyin mai, a sauya sil (robar hana yoyo) mai kama da gada da ƙananan bututun roba huɗu da ke samansa. Kayan ba su da tsada, amma in sun bushe sun tsage, ta nan matsi ke guduwa. A ɗaure kusoshin kaskon da Nm 10 kawai, roba ba ta son ƙarfi. Man da ya dace ZF Lifeguard 6 ne ko wanda ya cika ƙa'idarsa. Jan mai na Dexron da ake zuba wa tsofaffin motoci ba nata ba ne. Tanadi lita 7, domin wajen lita 6 ke fita in an cire kasko, ragowar na cikin konbata.

Auna man shi ne inda aka fi yin kuskure. Giyar ba ta da sandar awo. Mota za ta tsaya daidai a kan lif, injin na aiki, a taka birki a bi da ita P, R, N, D a dawo, sannan a buɗe kuson gefe a zuba har man ya riƙa dawowa siriri. Dole zafin man ya kasance tsakanin digiri 30 da 50, a kwamfuta za a duba shi. In ya wuce haka man ya kumbura, za ka ga kamar ya cika alhali da saura. A Kano ko Sakkwato cikin watan Afrilu, inda iska kanta ke kai digiri 40, motar da ta shigo gareji da zafinta ba za ta sauko ba sai ta kwana. A bar ta, a auna da sassafe.

Daga nan sai kwamfutar giya, kuma a nan ne rabin aikin yake. Birenbos na injin yana aika wa giya lissafin ƙarfin da yake bayarwa, ita kuma da wannan lissafi take yanke yawan matsin da za ta danne kuloci da shi. Akwatunan da ake jonawa a waya don su yaudari birenbos suna iya sa injin ya ba da Nm 520 alhali yana gaya wa giya 400. Sai ta danne da matsin 400, faiba ta riƙa zamewa kaɗan-kaɗan, direba bai ji komai ba, man kuwa yana baƙi. Ya fi kyau a rubuta sabon tsari kai tsaye cikin birenbos, kamar yadda manhajar MHD ke yi, a tabbatar lissafin da yake aikawa gaskiya ne. Sannan a rubuta wa giyar nata tsarin, irin na manhajar xHP, wanda ke ɗaga iyakar ƙarfi, ya ƙara matsi, ya gajarta lokacin canji. Gajeren canji na nufin gajeren zamewa. Akwai wani abu da bai kamata a bari mai rubuta tsarin ya cire ba: ɗan sassaucin da injin ke yi na ƙiftawar ido yayin canja giya. Wasu na kashe shi don mota ta riƙa fizga, amma shi ne ke bai wa kuloci damar kamawa kafin nauyi ya dawo. A kuma rage iskar turbo a giya ta 1 da ta 2, tayoyi ma ba za su riƙe ƙarfin ba.

Zafi kuwa, man giya ya fi jin daɗi tsakanin digiri 80 da 95. Da ya riƙa zama sama da 120, yana lalacewa da sauri, sil na taurarewa. A wannan mota ruwan lagireto ne ke sanyaya man giya, ma'ana in injin ya yi zafi giya ma ta yi. Famfon ruwan N54 na lantarki ne, kuma yakan mutu ba sallama, don haka in ba ka san shekarunsa ba ka sauya shi tare da tamostat. Mai shiga gosulo da rana ko mai gudu a filin tsere ya ƙara ƙaramin lagireton mai a gaba, inda iska ke bugawa, a jona shi bayan na asali. Ka tuna zai ci ƙarin mai, sai a sake awo.

Tuƙi ma yana da nasa rabo. Kada ka danne totur ƙasa kana giya ta 6 injin na juyi 1,500 zuwa 2,000 a minti ɗaya, domin a nan turbo ke zuba dukkan ƙarfinsa a kan kuloci E. Sauko ta 4 ko ta 3 tukuna. Taka birki da totur tare don tashi da fizga yana dafa man cikin konbata cikin daƙiƙoƙi, kada ya wuce daƙiƙa biyu ko uku, kuma a yi tafiya a hankali tsakanin tashi da tashi. Da safe a bar man ya ɗumama kafin a matsa mata. Motar da aka ƙara wa ƙarfi, a sauya man ta duk kilomita 50,000.

In burinka ya kai wajen Nm 600 zuwa sama, kamar da manyan turbo, kwamfuta ba za ta ƙara cetonka ba. A nan sai a buɗe giya a sa faiba masu ƙarfi da sababbin bushi da konbata mai jure nauyi, ko a ɗauko 6HP26 ko 6HP28, irin wadda ke cikin 335d ta dizal, masu Nm 600 da 700. Wannan sauyi ba ɗaurawa kawai ba ne, sai an daidaita bakin giyar da injin, da farfela shaf, da kwamfuta. Kana ƙarƙashin motar, duba robar da ke haɗa giya da farfela shaf da kuma mawuntin giya, in akwai tsaga a sauya su a lokaci guda.