Kafin ku sayi faifan jaz na Blue Note

Jama'a, duba bayan kwali tukuna, ku ga wane jeri ne na kamfanin faifai na Blue Note. Jerin Tone Poet, wanda aka fara a 2019, injiniyan sauti Kevin Gray ne ke yanka sautinsa a kan faifai daga tef na asali, kamfanin RTI ya buga a nauyin giram 180. Jerin Classic ma aikin Gray ne, a Jamus ake bugawa, kuma ya fi araha. Ni Classic nake ba mai farawa shawarar saya.

Amma bibop (salon jaz mai sauri) na mai busa saksofon Charlie Parker na shekarun 1940 ba a tef aka ɗauka ba, don haka in kun saye shi, ƙarar "shhh" ba laifin bugu ba ce.

Ko sabo ne, a wanke kafin a ɗora allura. A jera su tsaye nesa da rana, zafi na lanƙwasa faifai.