Yadda Nake Koya wa Sababbin 'Yan Sa Kai Tsaron Kunkuru

Duk wanda ya shigo ƙungiyarmu, abin da nake fara gaya masa shi ne: in ka ga kunkuru a kan titi, ɗauke shi da hannu biyu ta gefen ƙwaryarsa, ka ajiye shi a ɓangaren da ya nufa. In ka mayar da shi baya, zai sake tsallakowa. Kada ka kama shi ta jela, yakan ji ciwo a ƙashin baya. Kada kuma ka kai shi wani wuri mai nisa, ya san mazauninsa.

Wurin ƙwai ne aikin ya fi wuya. Ka kafa alama, ka rufe ramin da raga saboda karnuka, ka rubuta ranar. Kada ka juya ƙwan, domin ɗan da ke ciki yana manne da ɓawo, juyawa na iya kashe shi. Ƙwan kunkurun teku yakan ƙyanƙyashe cikin kusan wata 2. A daren sintiri jan haske kawai nake riƙewa, farar fitila tana ɓatar da 'ya'yan daga hanyar ruwa.