Fanci: asalinsa da yadda ake haɗa shi don baƙi a zafin Sakkwato

Abin shan da Turawa ke rubutawa punch, mu kuma bakinmu ya fi sabawa da fanci, a yau an fi saninsa da lemon 'ya'yan itatuwa da ake zubawa a babban kwano a wurin walima kowa ya ɗiba da ludayi. Mafarinsa kuwa Indiya ne, a farkon ƙarni na 17, lokacin da jiragen kamfanin East India na Ingila, wanda aka kafa a 1600, suka fara zirga-zirga can. Tafiyar watanni ce ta kudancin Afirka, giyar da matuƙa ke tahowa da ita daga gida takan lalace ko ta ƙare a hanya. Da suka sauka sai suka iske barasar arak, wadda ake tacewa daga bammi ko shinkafa, ga lemon tsami da sukari da kayan ƙamshi da araha. Suka riƙa gauraya su da ruwa a kwano ɗaya suna sha tare. Rubutu mafi daɗewa da aka samu kalmar a cikinsa da Turanci wasiƙa ce ta 1632.

Bayanin da ya fi yaɗuwa game da sunan shi ne daga kalmar Hindi panc ya fito, wato biyar, don kaya biyar ake haɗawa: barasa, lemon tsami, sukari, ruwa, sai shayi ko kayan ƙamshi. Wasu masana kuma sun danganta shi da sunan wata babbar ganga ta katako da ake dakon barasa a jirgi. Daga Indiya ya shiga Landan, ya tsallaka tsibiran Karebiyan, inda bayan Ingila ta ƙwace Jamaika a 1655 barasar rake ta maye gurbin arak. Daga baya, da ƙungiyoyin yaƙi da shan giya suka yi ƙarfi a Ingila da Amurka a ƙarni na 19, aka yawaita yin sa babu barasa, kuma wannan ne ya iso gare mu.

Abin da ya kamata uwargida ta ɗauka daga tarihin nan shi ne ma'auni. Mutanen Barbados suna da ƙa'ida: kashi 1 na tsami, 2 na zaƙi, 3 na mai ƙarfi, 4 na ruwa. Barasar ce mai ƙarfi a wurinsu. Mu sai mu cire ta mu sa baƙin shayi mai kauri ko zoɓo, sauran lissafin yana nan yadda yake. Galibin fancin da ke fitowa salaf ko zaƙi zau, rashin awo ne ya jawo, an yi ta juye kwalaye da kwalabe a baho ana ɗanɗanawa har harshe ya daina bambancewa.

Kashi goma ke nan, don haka lita 10 ta fi sauƙin lissafi. Ledar fiya wata mai 50cl rabin lita ce, jaka guda mai leda 20 lita 10 ke nan cif. Wato tsami leda 2, zaƙi leda 4, mai ƙarfi leda 6, ruwa leda 8. Lita 10 tana ba da kofi 40 na mililita 250. Kada ki ƙirga baƙi 40, ki ƙirga 20, don a watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato, babu mai tsayawa a kofi ɗaya. Walimar mutum 100 lita 50 take ci.

Ana farawa tun jajibere da ɓawon lemo. Ki wanke lemon zaƙi 8, ki fere koren ko ɗorawar fatar kawai, siriri, irin ferewar masu sayar da lemo a bakin titi. Farin da ke ƙarƙashi ɗaci ne da shi, kada ya biyo wuƙa. Ki zuba ɓawon a roba mai murfi, ki sa sukari giram 250, ki daddanna da muciya ko taɓaryar ƙaramin turmi har sukarin ya fara jiƙa, ki rufe. Bayan awa biyu za ki ga sukarin ya narke ya zama kamar zuma, don ya zuƙo man da ke cikin ɓawon. In ya kwana ya fi. Wannan man shi ne ƙamshin da babu filebo na kwalba da zai ba ki, kuma dabara ce tun ta masu fancin farko.

Sai ruwan sukari. Kilo 1 na sukari, ruwa lita 1 da kwata, a ɗora a wuta a juya har ya narke. A nan ake jefa kayan ƙamshi: ɗanyar citta kamar tafin hannu a daddake, kanumfari 10, girfa sanda 2. Minti 10 a ƙaramar wuta ya isa, a sauke a rufe ya huce, a haɗa da na ɓawon lemo a tace. Zai ba da kusan lita 2. Dalilin dafa shi, sukari ba ya narkewa da kyau a ruwan sanyi, sai ya kwanta a gindin roba, waɗanda suka fara sha su ji tsami, na ƙarshe su sha madi. Kanumfari kuma a yi hattara da shi. In ya wuce kima yana danne komai, bakin mutum ya yi kamar ya sa maganin haƙori.

Na uku shi ne mai ƙarfi, lita 3. In shayi ne, ƙullin Lipton 12 a tafasasshen ruwa, minti 5 a tsame, kada a matse. In ya daɗe sai ya yi bauri, kuma sukari ba ya gyara bauri. A bar shi ya huce da kansa kafin a sa a firji, don in aka sanyaya shi da zafinsa yakan yi gurɓi-gurɓi. In zoɓo ne, kofi 4 cike na busasshe, a ɗauraye shi sau biyu saboda yashi, a tafasa minti 10, ko a jiƙa a ruwan zafi ya kwana. Zoɓo yana da nasa tsamin, don haka a rage lemon tsami zuwa rabin lita, a cike gurbin da ruwa. Kada a sa kanwa don kashe tsami. Tana mayar da jan ya koma baƙi-baƙi, kuma tsamin nan shi ake nema. Tukunyar dalma ma ba ta dace da jiƙa zoɓo ko ajiye lemon tsami ba, tsami yana cin ta, ruwan ya ɗauki ɗanɗanon ƙarfe. Silba marar tsatsa, tangaran ko farar roba mai kauri su ne daidai.

Lemon tsami ranar taron ake matse shi. Lita 1 tana cin ƙwaya 50 zuwa 60 na ƙananan nan da ake samu a Kasuwar Daji, gwargwadon ruwansu. Ki zaɓi masu santsin fata da nauyi a hannu, ki murza kowanne a kan faranti kafin ki yanka. Ki tace 'ya'yan nan take. Ruwan da ya kwana yakan yi ɗaci, haka ma yankakken lemon da aka jefa don ado in ya daɗe yana iyo, saboda farin ɓawonsa. Na ado sai dab da fitarwa.

Yanzu ƙanƙara, wadda a garin nan ita ce rabin aikin. Cikin lita 4 na ruwa take, ba ƙari ba ce. Wanda ya zuba ruwa lita 4 cif sannan ya antaya ƙanƙara a kai, kafin a gama addu'a fancinsa ya koma ruwa mai kala. Ki raba: lita 2 ƙanƙara, lita 2 ruwan sanyi ko soda. Kuma ƙanƙarar ta zama dunƙule guda. Ƙananan gutsattsari suna narkewa cikin mintuna don ko'ina na jikinsu yana taɓa ruwa, babban curi kuwa yakan kai awa biyu a inuwa. Ki cika roba mai lita 2, ko biyu masu lita 1 in za a raba fancin gida biyu, da ruwa mai tsabta, ki bar ɗan sarari a sama don ruwa na kumbura in ya daskare, ki sa a firiza kwana biyu kafin taro, tunda wuta ba ta da tabbas. Bulon ƙanƙarar kasuwa, wanda ba ki san ruwan da aka yi shi da shi ba, wajensa bayan roba: a fasa shi a baho ko kula, a dasa jarkokin fancin a tsakiya. In kuma babu yadda za a yi, a sayi fiya wata mai ƙanƙara, a wanke bayan ledar, a yage a zuba.

Wajen haɗawa, tsami da zaƙi da mai ƙarfi su fara shiga, a juya, a ɗanɗana. Ya kamata ki ji ya yi miki yawa, ya ɗan kama muƙamuƙi. In ya yi daɗi a wannan matakin, to zai yi salaf in ruwa ya shiga. A zuba a jarka a sanyaya. Tunda galibi mata suna cikin gida maza suna rumfa a waje, a raba wannan haɗin gida biyu tun yanzu, kowane ɓangare da nasa curin ƙanƙara. Gara a fitar da lita 5 sau biyu da a girke lita 10 a rana. Soda ko lemon kwalba su ne ƙarshen shiga, a tsiyaya a hankali ta gefen roba, a juya sau ɗaya, in ba haka ba gas ɗin ya tsere. In Sprite ko Fanta za a sa lita 2 maimakon soda, a rage ruwan sukari kofi ɗaya da rabi. In ruwan abarba lita 1 zai shiga, a rage kofi ɗaya.

Wasu suna sha'awar ɗiga ruwan nan mai ɗaci, Angostura, da ake sa wa Chapman. Ki duba jikin kwalbar, barasa ce kashi 44.7 cikin ɗari. Ɓawon lemo da kanumfari da kika riga kika sa sun tsaya a madadinsa. Madara kuma ba ta shiga wannan haɗin, tsami zai tsinka ta, ɗanyar abarba kuma tana sa ta ɗaci.

Kankana, tuffa da kokwamba a yanka ƙanana yadda za su shiga ludayi, a zuba minti 15 kafin a fitar, tare da ganyen na'a-na'a. Ayaba da gwanda suna dagargajewa su ɓata ruwan, a bar su. Yankakkun 'ya'yan itace ba sa wuce awa biyu a waje babu sanyi, in zafi ya haura digiri 32 awa ɗaya ne, kankana kuma ita ke fara lalacewa. A rufe robar saboda ƙuda da ƙura, a sa yarinya ɗaya mai ludayi ta riƙa zubawa, don in aka bar kowa da kansa sai kin ga kofin da aka sha an tsoma shi ciki. A ware jug guda marar sukari don iyaye masu ciwon suga.

Ragowar da aka riga aka sa wa 'ya'yan itace a tace shi, a sa a firji, a shanye washegari. Wanda ya kwana a waje, in kika ga yana ƙananan kumfa alhali ba ki sa soda ba, ko kika ji ƙarar fitar iska da kika buɗe murfin jarkar, to ya fara tsimuwa, sukarin yana komawa barasa, zubarwa ake yi.