Yadda Ake Kare Kai Daga Kansar Ciki Da Kayan Lambunmu

Ganyaye da 'ya'yan itace suna ɗauke da sinadarai irin su bitamin C waɗanda ke rage lalacewar ƙwayoyin halittar jiki. A cikin tumbi, bitamin C yana hana haɗuwar wasu gubobi masu jawo kansa. Mu a Damagaram ba sai mun nemo su daga nesa ba.

Da farko, gyara cefanenki. In kin shiga Kasuwar Dole, nemi tumatir, albasa, karas, kabeji da lemun tsami. Masu lambun Mirya da Gidimuni suna kawo su sababbi lokacin sanyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini. In rani ya tsananta, ga garin ɗan kuka a kunu ko fura, bitamin C ɗinsa da yawa.

Sai girki, kuma nan muke asara. Na sha ganin ana tafasa zogale da kanwa har ya yi luguf, a tsiyaye koren ruwan a zubar a rariya. Kanwa da doguwar dahuwa suna kashe bitamin C. Rage kanwar, taƙaita dahuwar, in kin zo kwaɗo ki yanka ɗanyen tumatir da albasa, ki matse lemun tsami.

Na uku, janye hannu daga gishiri. Kada ya wuce giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da na cikin dunƙulen magi. Yawan gishiri yana raunata fatar tumbi. Maigida kuma ya rabu da taba.

Kada ki ce ƙwayoyin bitamin na kanti za su maye gurbin abinci. A Finland, wani gwaji da aka bayyana a 1994 ya nuna ƙwayar beta-karotin, sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, ta ƙara kansar huhu ga masu shan taba.

Abin da ya fi damuna shi ne gyambon cikin da ake yi wa jiƙe-jiƙe shekara da shekaru. Ƙwayar cutar Helicobacter pylori, mai haddasa yawancinsa, ita ce babbar sanadin kansar ciki, kuma likita na kashe ta da magani cikin mako biyu. Zogale ba ya warkar da kansar da ta kama. Wanda ke ramewa, ko ƙoshi da loma kaɗan, ko baƙin bahaya, ko aman jini, a kai shi babban asibitin Damagaram a leƙa cikinsa da na'ura.