Yadda Ake Neman Iguwana da Yara Idan Jirgin Yawon Shaƙatawa Ya Yada Zango a Tsibirin Karibiyan

Sau uku ke nan muna hawa jirgin ruwan yawon shaƙatawa da iyali a tekun Karibiyan, kuma kowane karo sai na ji wani uba da daddare a wajen cin abinci yana ba yaransa haƙuri, wai tsibirin da aka tsaya yau babu iguwana. Alhali tsibirin maƙil yake da su, wasu ma suna kwance a kan duwatsun da ba su fi taku ɗari daga jirgin ba. Ya fita a makare ne, ya yi ta sauri, idonsa kuma na ƙasa. Ni ma haka ta same ni a karon farko, na ga yadda ran yara ya ɓaci, shi ya sa nake so in rage wa wani wannan asarar.

Iguwana dangin ƙadangare ce, amma a girma ta fi kusa da damo. Babban namiji yakan kai mita ɗaya da rabi, fiye da rabin tsawon kuma jela ce. Ganye da fure da 'ya'yan itace take ci.

Mataki na farko: ka duba jerin tashoshinku tun kana gida

Idan jirginku zai tsaya a St. Thomas, musamman tashar Crown Bay, kun huta, da ƙafa za ku same su a kan duwatsun bakin ruwa. A Aruba ku taka zuwa lambun Wilhelmina da ke cikin Oranjestad. A San Juan ta Puerto Rico ku bi ganuwar tsofaffin sansanonin Sifaniyawa, El Morro da San Cristóbal. Mutanen wurin gallina de palo suke ce mata, wato kazar bishiya. Ta Cozumel a Meziko wata iri ce dabam, ruwan toka mai ratsin baƙi da ƙaya a jela, tana son kufan gine-ginen mutanen Maya da ke San Gervasio, sai dai can sai da mota.

Grand Cayman ita ce ke buƙatar shiri. Jirgi ba ya matsowa gaɓa a George Town, daga nesa yake tsayawa, ƙananan jirage su riƙa jigilar mutane, kuma layin kaɗai yana cin lokaci. Amma a nan ne shuɗiyar iguwana take, wadda babu ta a daji ko'ina a duniya sai wannan tsibiri. A 2002 waɗanda suka rage a daji ba su wuce 25 ba. Aka dage da kiwo ana saki, har a 2018 aka saki ta dubu ɗaya. Ana ganin su suna yawo a lambun tsirrai na Sarauniya Elizabeth ta Biyu, tafiyar kamar minti 40 a mota daga gari. Koriyar iguwana kuwa baƙuwa ce a tsibirin, ta yi yawan da daga 2018 gwamnati ta shiga biyan mafarauta, aka kashe sama da miliyan ɗaya.

Kada hotunan intanet su ruɗe ka. Little Water Cay, da ake kira tsibirin iguwana a Turks da Caicos, kusa da Providenciales yake, jiragen yawon kuma a Grand Turk suke tsayawa, tsakaninsu sai jirgin sama. Zuwa tsibiran Exuma daga Nassau a Bahamas ma yini guda ne a jirgi mai gudu, ga tsada. Ni ba na kai yara can a ranar da jirgi zai tashi da yamma. Inda ƙafa za ta kai ku, kada ka biya ko dala ɗaya. Wuri mai nisa kuwa gara ka sayi tikitin yawon da jirgin kansa ya shirya, ko da ya fi tsada, don idan motarsu ta makara ana jiran ta, taka ba a jira.

Mataki na biyu: ku zama cikin na farko da za su sauka

A nan yawancin mutane ke faɗuwa. Jikin iguwana ba ya samar da ɗumi da kansa. Ta kwana a kan reshe ko cikin rami, gari ya waye jikinta a sanyaye, ba ta da kuzarin gudu, abin da ta ci jiya ma ba zai narke ba sai ta ɗumama. Dole ta fito shan hantsi. Daga wajen ƙarfe takwas zuwa goma da rabi za ka same ta a fili, ta baje a kan dutse, ta lumshe ido, ba ta son motsi. Rana na take tsaka za ta shige inuwa ko ta haye ƙololuwar bishiya. Takan sake fitowa bayan la'asar, amma a lokacin ku kuna layin komawa jirgi.

A karonmu na farko mun yi barci sosai, muka yi karin kumallo a tsanake, yara suka roƙi a bar su su ɗan yi iyo. Ba mu taka ƙasa ba sai sha ɗaya da rabi. Na ɗauki tasi, muka zagaya rabin tsibirin, rana kamar za ta fasa kai, ƙaramar tana kukan ƙishirwa. Abin da muka gani duka jela ce guda tana shigewa cikin shinge. Washegari a wani tsibirin na tashe su tun da asuba, jaka a haɗe tun daren jiya: ruwa, huluna, man kariya daga rana, takalma masu rufe yatsu. Ƙarfe takwas da kwata muna bakin duwatsun tasha. Ba mu yi minti biyar ba autarmu ta ja rigata ta ce a hankali, "Abba, wancan dutsen yana da ido." Wani tsohon namiji ne, launinsa da na dutsen ba bambanci, ƙayoyin bayansa sun kwanta gefe guda. Kafin ƙarfe tara mun ƙirga tara, ba mu kashe ko sisi ba.

Saboda haka dokata ita ce iguwana da farko, teku da kasuwa daga baya. Idan gari ya waye da hadari kada ku wahalar da kanku, ku jira. Da zarar ruwa ya ɗauke rana ta leƙo, ku fita da hanzari, don lokacin duk suke fitowa.

Mataki na uku: ka koya wa idonka abin da zai nema

Ka nemi inda abu uku suka haɗu: rana, dutse, da wajen tsira, ko ruwa ko duhuwar ganye. Tulin duwatsun da ake zubawa a tasha don tare igiyar ruwa, saman katanga, gefen filin ciyawa, rassan da suka sunkuyo kan ruwa. Tsakiyar rairayin da mutane ke shimfiɗe ba wurinta ba ne.

Sunan koriya yana yaudarar mutane. 'Ya'yan ne kore shar, kuma cikin shinge da furanni suke ɓoyewa. Manyan sun koma toka-toka ko ruwan ƙasa, mazan kuma lokacin barbara sukan yi ruwan lemo. Kada ka nemi dabba sukutum. Ka nemi jela mai zoben baƙi tana reto daga reshe, miƙe sambal yadda reshe ba ya yi. Ka nemi jerin ƙayoyi kamar haƙoran zarto a saman katanga. A rairayi kuma layi ɗaya da jela ta ja, da sawun farata hagu da dama. Kunne ma yana aiki: ƙarar busasshen ganye, ko ka ji tsundum, ta faɗo daga bishiya cikin ruwa ke nan, kuma gwanar iyo ce.

Bayan kowane taku ashirin ku tsaya cak na minti biyu. Yara ba sa son tsayuwa, don haka nakan raba musu aiki, wannan ya duba sama, wannan katanga, ƙaramar ƙasa. Wanda ya gani ya ɗaga hannu, ba ihu, ba gudu. Idan za ka yi tambaya ka tambayi mai ban ruwan furanni ko mai shara. Masu tallan yawo a bakin ƙofa wuri mai nisa za su nuna maka.

Tun da za ka sa yara leƙen bishiyoyi, ka san bishiyar manshinil. Tana tsirowa a bakin tekun tsibiran nan, 'ya'yanta kamar ƙananan koren tuffa, kuma guba ce. Ruwan jikinta yana tayar da bororo a fata, ko fakewa ba a yi ƙarƙashinta idan ana ruwa. A wurare da yawa ana shafa wa gindinta jan fenti ko a kafa allo. Ka gaya wa yara tun a jirgi: ba a tsintar ɗan itace, ba a tsinkar ganye.

Mataki na huɗu: matsawa kusa

A tsakiyar kan iguwana akwai wani ɗan tabo mai haske, wani irin ido ne na uku da ke gane inuwar abin da ya bi ta sama, kamar shaho. Shi ya sa idan ka tsaya a kanta, ko inuwarka ta faɗa mata, sai ta zabura. Ku zo ta gefe, ku tsuguna, ku bar taku uku manya tsakaninku da ita, kamara ta ƙarasa sauran. Idan ta fara gyaɗa kai, ta buɗe fatar da ke reto a ƙarƙashin haɓarta, ta juya muku gefe ta kumbura jiki, gargaɗi take yi, ku ja baya. Jelarta bulala ce, kuma daidai fuskar yaron da ya tsuguna take sauka. Kada kowa ya kama jelar, tana iya gutsurewa a hannu. Idan kuka yi shiru za ku iya ganin ta yi atishawa, farin gishiri ya fito ta hancinta, haka take fitar da wanda ya yi wa jikinta yawa.

Mataki na biyar: ba a ba ta abinci

Za ku ga wasu na miƙa mata ayaba ko burodi. Kada ku bi su. A Exuma, inda aka daɗe ana ba su inabi, masu bincike sun samu sukarin jininsu ya hau, ga gudawa, ga rairayin da suke haɗiya tare da abin da aka jefa musu. Wadda ta saba da hannu kuma ba ta bambance yatsa da abinci. A 2023 likitoci sun ba da labarin wata yarinya 'yar shekara 3 da iguwana ta ciza a Costa Rica don ta ƙwace mata kek, bayan watanni wurin ya kumbura har sai da aka yi mata aiki. Biskit ya zauna cikin jaka. Dama yawancin tashoshi sun hana sauka da 'ya'yan itace daga jirgi. Masu ɗora wa yaro iguwana a kafaɗa a ɗauki hoto a biya su, ku wuce su kawai. Iguwanonin kuma suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, don haka duk wanda ya dafa dutsen da suke kwanciya ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci wani abu.

Mataki na shida: komawa

Ka saita agogon hannunka da lokacin jirgi, don waya tana iya juyawa zuwa lokacin tsibirin ba ka sani ba. Ka ɗauki hoton allon da ke bakin matakala mai nuna ƙarfe nawa ake rufe ƙofa, ku kuma dawo da saura awa guda. Idan a Grand Cayman ne ka ƙara rabin awa saboda layin ƙananan jirage.