Darasi na Bakwai: Sauke Injin Yankan Ciyawa da Mayar da Shi

Da yawa cikin 'yan'uwanmu a Jidda da Madina aikin lambu suke yi a gidaje da istiraha, wato gidajen hutu. Injin da suka fi riƙewa shi ne na ratayawa a kafaɗa, wanda ake haɗa masa fetur da mai a tanki ɗaya. Idan ka ja igiya ka ji ta zo sakwaf, ko injin ya tashi amma ba ƙarfi, kada ka yi saurin cewa ya mutu.

Fara cire salansa, ka haska tocila ta ramin hayaƙi. Za ka hango gefen fistan, wato ƙarfen da ke kai-komo cikin silinda. In sumul yake, koma kan fulogi da kafireta. In ka ga zane-zane kamar an ja ƙusa a jikinsa, to sai an sauke.

Cikin abubuwan da ke jawo wannan zanen akwai biyu: ƙura da ƙarancin mai. Ƙurar ƙasar nan laushi gare ta kamar gari. Da matatar iska ta yage, sai ƙurar ta shige ciki ta riƙa cin ringi (zoben da ke jikin fistan) da silinda. Saboda haka kada ka buɗe inji a tsakar gida ranar iska. Shiga ɗaki, shimfiɗa kwali mai tsabta, wanke jikin injin tukuna. Duk abin da ka kwance, ɗauki hotonsa da waya, ka jera notuna bi da bi. Na sha ganin mai gyara ya gama ɗauri, ga noti biyu a hannu yana zare ido.

Wajen mayarwa, akwai kibiya a kan fistan, ita ce za ta kalli wajen salansa. Cikin ramin ringi akwai ɗan ƙaramin tsinke, bakin ringin a kansa yake zama. In ka matsa ba a nan ba, ringin zai karye. Shafa mai a fistan kafin ka zura shi. Gasket kuwa, wato shimfiɗar da ke toshe mahaɗar ƙarafan inji, sabo za ka sa, tsohon ya gama aikinsa.

Injinan kamfanonin Stihl da Husqvarna na yanzu awonsu 50 da 1 ne: kowace lita ta fetur, mai mililita 20. Man injin mota ba ya wannan aikin. Tanki uku na farko bayan ka mayar da injin, kada ka bankaɗe wuta alhali injin ba ya yankan komai.

Aiki: Mai gidanka ya kawo fetur lita 5. Mililita nawa na mai za ka zuba? Rubuta amsar a littafinka, ka nuna wa malam.