Babi na 6: Zaɓen Zobban Sandar Kamun Kifin Bas

Darasi na 1

Jama'a, kowa ya ɗauki sandarsa ya ɗora a kan cinya. Wannan sanda da ba komai a jikinta ita za mu haɗa ta zama irin wadda masunta a Amurka ke kama kifin bas da ita. Bas kifin tafki ne da kogi, mai ƙarfin fizga, yana son laɓewa cikin ciyawa da kututturan ƙarƙashin ruwa. Sandarsa takan kai ƙafa 7, wato mita 2 da santimita 13.

Zobba su ne ƙananan ƙawanyoyin da igiya ke ratsawa daga inji, wato abin naɗe igiya, zuwa kan sanda. Ku ɗauki guda ɗaya ku duba. Ƙawanyar tsakiya mai rami ita ce ido. Ƙarfen da ya riƙe idon shi ne gida. Ɗan harshen da ke kwanciya a jikin sanda shi ne ƙafa. Wannan ƙafar daban, ƙafar awo daban, kada a haɗa su. Wani zoben ƙafarsa ɗaya, wani biyu.

A jikin ledar kowane zobe akwai lamba: 6, 8, 10, 12, 16, 20, 25. Lambar tana nuna girman zoben a milimita. Babbar lamba, babban zobe. Ku sa yatsa a kan lambar ku karanta a bayyane. Na sha ganin mutum ya ɗauki 16 a matsayin 6 don bai lura da 1 ɗin da ke gaba ba. Ba abin kunya ba ne, a sake dubawa kawai.

Darasi na 2

Kafin ka sayi zobe ko ɗaya, ka san injin da za ka ɗora. Inji iri biyu ne. Akwai mai ratayewa a ƙarƙashin sanda. Igiyarsa tana fita tana murɗawa kamar an warware ƙawanya, don haka zoben farko sai babba mai tsayi, 25 ko 20, sannan 12, sannan 8, sauran duk 6. Akwai kuma mai zama a saman sanda. Igiyarsa miƙe take fita, 12 ko 10 mai ƙafa biyu ya isa a farko, sai 8, sai 6 masu ƙafa ɗaya har sama.

Nawa za a saya? Masu wannan sana'a sukan ce zobe ɗaya ga kowace ƙafa ta tsawon sanda, a ƙara na kan tsini. Mai inji a sama ya ƙara ɗaya ko biyu, domin igiyarsa a bayan sanda take, tana saurin gogar jikinta.

Darasi na 3

To, a nan ake faɗuwa. Ku ajiye hira.

Ba a ɗaure zobe da zare sai an gwada. Da salatif na takarda ake fara manna shi. Ka jera zobban, manya wajen hannu, ƙanana wajen tsini, ka manna kowanne da salatif. Ka ɗora inji, ka zura igiya ta cikinsu duka, kada ka tsallake ko ɗaya. Ka ɗaura bakin igiyar a jikin turke ko ƙafar benci. Sai ka ɗaga sandar a hankali har ta lanƙwasa kamar kifi ya ja.

Yanzu duba igiyar. In tana bin lanƙwasar sanda kamar baka, madalla. In ta taɓa jikin sanda tsakanin zobe biyu, sun yi nisa da juna. In ta karye ta yi kusurwa a bakin wani zobe, nauyi ya taru a wurin, kuma a nan sanda ke karyewa. Ka ɓare salatif, ka matsar da zoben kaɗan, ko ka ƙara wani, ka manna, ka sake lanƙwasawa. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya yi sau biyar bai yi asara ba.

Mu sake. Me za a fara yi? Salatif. Sai me? Zura igiya. Sai me? Lanƙwasa. Sai me? Duba. Zare fa? Ba yanzu ba.

Ina maimaitawa ne don na san abin da zai faru. A ajin bara mutum uku suka koma gida suka ɗaure zobbansu da zare, suka shafa gam, saboda ido ya gaya musu ya yi daidai. Ido ba mudu ba ne. Da muka lanƙwasa, igiya ta kwanta a jikin sanda, sai da aka sa reza aka yanke aikin kwana biyu. Ku dattawa ne, bai kamata in riƙa faɗin magana ɗaya sau goma ba. Duk wanda ya zo mini da zobe ɗaure bai gwada ba, da hannunsa zai kwance. Salatif, igiya, lanƙwasa, duba. A rubuta a bangon littafi.

Darasi na 4

Idon zobe mai kyau na tangaran ne mai tauri, gidan kuma na ƙarfen da ba ya tsatsa. Mai kuɗi yakan sayi na titaniyam don rashin nauyi. Kamfanin Fuji na Japan ya yi suna a wannan. Igiya saƙaƙƙiya tana cin ido mai arha. Ka zura auduga cikin idon ka juya; in ta maƙale, akwai tsaga, a ajiye shi. Na kan tsini lamba biyu gare shi, ta ido da ta bututun da tsinin sanda ke shiga. Auna tsinin sandarka kafin ka saya.

Darasi na 5

A goge bakin ƙafar zobe da magagari don zare ya hau. A naɗa zare, a shafa gam, a riƙa juya sanda har ya bushe. Wannan sai wanda ya gama darasi na 3. Ranar Asabar kowa ya zo da salatif ɗinsa.